Zuwa ga ɗana mai nutson kamun kifi a Dakar

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya sanyin teku? Mu nan Damagaram lafiya lau sai zafi. Na ga bidiyon da ka turo ta WhatsApp, kai da bindigar nan taka mai harba mashi da ƙaton kifi a bakin ruwan Ngor, na kuma ji kana cewa wai zurfin mita 12 ya yi maka kaɗan, 20 kake so kafin shekara ta ƙare. To natsu ka ji ni, don aikin pompiye, wato kashe gobara da ceto, da na yi a garin nan ya nuna mini abin da ruwa ke yi ma mutum, kuma fa tabkunan damina ne namu, balle teku.

Hucin nan da na ga kana yi da sauri da sauri kafin ka nutse, don Allah ka bar shi. Abin da ke sa ƙirjinka ya matsu da son numfashi taruwar iskar kabon ce cikin jini, ita ce mai yi maka gargaɗi. In ka yi hucin nan ka kore ta, oksijin kuwa bai ƙaru da abin kirki ba, sai ka ji daɗi ka daɗe a ƙasa, suma ta zo ba sallama, kuma yawanci a hanyar tasowa take kama mutum, mita 10 na ƙarshe, wani ma sai kansa ya fito waje sannan ya suma. Ka kwanta kan ruwa ka saki jiki kana numfashinka na kullum kamar minti 2, ka ja cikakke guda ɗaya, shi ke nan.

Kar ka kuskura ka shiga kai kaɗai, ko da kifi na tsalle gabanka. Ɗaya ƙasa ɗaya sama yana kallonsa, in ka fito ya ci gaba da sa maka ido aƙalla sakan 30. Shi ma ya san abin yi in ka suma, ya ɗaga fuskarka daga ruwa, ya cire maka tabarau, ya hura maka iska a fuska yana kiran sunanka, in numfashi bai dawo ba ya ba ka baki da baki. Tsakanin nutso da nutso ka huta ninki biyu na lokacin da ka yi a ƙasa, uku ma ya fi.

Sai kunne. A mita 10 matsin ruwa ya ninka na tudu, iskar huhunka ta koma rabi, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku. Tun daga sama za ka fara toshe hanci kana tura iska zuwa kunne a hankali, kowace mita ɗaya ko biyu, ba sai kunne ya fara zogi ba, in ya ƙi buɗewa ka juyo. Ka nemi mai horarwa ya koya maka dabarar Frenzel, wadda da harshe ake tura iskar ba da ciki ba, ta fi aiki in kanka na ƙasa. Ranar da kake mura kuwa ka zauna gida, dodon kunne ba ya son gardama. Dalmar ɗamararka da ke ƙara maka nauyi ma ka rage, ya zama kana yawo saman ruwa ko ka fitar da numfashi.

Na san za ka ce ai mutanen Bajau na Indonesiya suna wuni cikin ruwa, to su gadonsu ne, binciken da aka fitar a 2018 ya nuna saifarsu ta fi ta maƙwabtansu girma da kusan rabi. Kai ɗan Zango ne da ka koyi iyo da girmanka, ka riƙa ƙara mita ɗaya ɗaya, sai wadda kake kai ta zame maka ba wahala sannan ka ƙara. Horon riƙe numfashi ka yi shi kwance kan katifa.

Innarka ta ce in tambaye ka ko kilishin ya iso. Ka turo mini lambar abokin nutson naka, ina son in yi magana da shi da kaina ranar Juma'a bayan masallaci. Allah ya tsare mini kai.

Babanka