Takardar koke zuwa ga Sarkinmu kan magudanar ruwan unguwarmu a yammacin kogin Gash

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mai girma Sarkinmu na Hausawa, da umdodi, wato dagatai, da shehunan unguwa da suke tare da shi. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani.

Ranka ya daɗe, mu ne talakawanka mazauna ƙarshen unguwa a nan yammacin kogin Gash, garin Kassala na ƙasar Sudan, maza da mata, da limamanmu da ƴan lajna, wato kwamitin unguwa, har da baƙinmu da yaƙi ya koro. Mun zauna bayan sallar Juma'a muka ce gara a rubuta a kawo maka, tunda kai ne bakinmu a wajen hukuma kuma maganar nan ta wuce ta ƙorafi a bakin shago.

Babbar magudana ta siminti da aka gina a unguwar nan bata ƙaraso wajenmu ba, a bakin kwalta ta tsaya. Daga nan zuwa gidajenmu rami ne kawai na ƙasa wanda mu muka haƙa da gayya, duk shekara mu sake haƙawa don yashi da shara sun cike shi. Yanzu kuma labari ya zo mana wai aikin ƙarin magudana na bana an ba wasu layuka, mu ba ma ciki, sannan kwalbatin da ya rufta a ƙarƙashin hanya wai gyaransa na kan mazauna unguwa. Wannan na biyun shi ne ya fi tayar mana da hankali wallahi, don babbar mota ce mai kaya ta bi ta kai ya karye, ba karon kowa ba ne a cikinmu, wato amalanken jaki, kuma hanyar ta kowa da kowa ce.

Dattawanmu sunje ofis ba sau ɗaya ba. Masu kula da ruwan sha suka ce su nasu bututu ne kawai, masu hanya suka ce magudana ta mahaliyya ce, wato ƙaramar hukuma, a can kuma aka ce ba kuɗi, ku haɗa ƙarfi da ƙarfe kuyi da kanku. To ranka ya daɗe mu ba baƙin gayya ba ne, kaf garin nan an san Bahaushe da aiki, masallacinmu da makarantar allonmu da hannunmu muka ɗaga su. Amma akwai abin da shebur da diga ba sa yi. Kwalbati sai da rodi da siminti da injiniyan da zai auna gangara, kuma kai ka fi mu sanin halin Gash, kogi ne da yake sauko da laka daga duwatsun Eritiriya duk damina yana jibgewa a cikinsa, har ya zama a wasu wurare cikin kogin ya fi ƙasar gari tudu, shi yasa ba a cewa kawai a haƙa rami a nufi kogi, in aka yi kuskuren gangara ko aka taɓa shingen da ya tare kogin to maimakon ruwa ya fita sai ya shigo mana. Wanda ya ga ambaliyar 2003 ba sai an bashi labarin abin da kogin nan yake iya yi ba. Ta yaya za a ɗora wa mai sayar da gawayi da mai tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku, aikin da in ya ɓaci gari ne zai ci ruwa?

Kuma ba ruwan sama kaɗai muke kuka da shi ba. Mu nan bamu da layin bututun da ke kwashe ƙazanta, kowane gida da masai na rami, masu hali su yi tankin sabtik da saifon, wato rami mai zurfi da ruwan masai yake nutsewa a ciki. Tunda yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023, musamman bayan da yaƙin ya ci garin Madani a Disamba na shekarar da kuma garin Sinja a 2024, ƴan uwa suka yi ta zuwa, gidan da yake da iyali ɗaya ya koma biyu ko uku, kuma alhamdulillah ba wanda ya rufe ƙofarsa. Amma ramin da aka haƙa don mutum kaɗan yanzu jama'a ce a kansa, nan da nan ya cika, kuɗin motar kwasa kuwa ba kowa ke iya biya ba. Sai ruwa ya sauka ya rasa hanyar fita, ya kwanta a layi, ya shiga ramukan ya tumbatso da abin da ke ciki, yara su bi ta ciki zuwa makaranta, mata su bi ta ciki da jarka. Bututun ruwan shan ma a cikin wannan ruwan yake kwance, duk ya tsattsage an ɗaure da roba, in aka ɗauke ruwa bututun ya zama fanko sai ya zuƙo na wajen ta tsagar, in an dawo da ruwa shi ne farkon abin da zai zuba a randarka. Ga shi garin nan kusan duk rijiyoyin burtsatse na kwarin Gash muke sha, duk abin da ya nutse ƙasa can yake nufa.

A watan Agusta 2024 ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta sanar da ɓarkewar kwalara, kuma jiharmu na cikin inda abin ya fi tsanani. Mun yi jana'iza, mun yi jinya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kafin nan a 2018 ga kankasha, zazzaɓin chikungunya, da ta kwantar da gari, babba da yaro ba mai iya miƙewa, ga zazzaɓin cizon sauro da baya barin mu ko wace damina. Mun yarda komai da ƙaddara, amma Allah bai hana bawa ya toshe ƙofar cuta ba in ya ganta.

Akwai wata magana da aka faɗa wa dattawanmu wadda ta yi mana zafi, wai ɓangarenmu baya cikin taswira sosai shi yasa aikin bai iso ba. In haka ne me yasa mai karɓar kuɗin shara da na lasisin shago yake gane ƙofofinmu ba tare da taswira ba? Rasit ɗinmu suna nan a ajiye. Iyayenmu da kakanninmu a nan suka yi noma a lambunan bakin Gash, a nan aka binne su, mu ƴan garin nan ne kamar kowa.

Don haka ranka ya daɗe abin da muke roƙo ka kai mana gaba shi ne a raba aikin nan a rubuce, da hatimi, kowa ya san nasa, don hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Mu mun ɗauki daga cikin gida zuwa bakin layi: ramin masai, ruwan wanka, ƴar kwatar ƙofar gida, da yashe ƙananan ramuka kafin damina. Muna ma so ka umarci shehunan unguwa su tsawatar, duk wanda ya zuba shara a magudana ko ya saki ruwan wanka a hanya a ci shi tara, kuma kar a sake barin kowa ya haƙa masai ko saifon kusa da rijiya, a bar aƙalla mita 30 kamar yadda ma'aikatan lafiya suke faɗa. Amma babbar magudana da kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya da bututun ruwan sha, waɗannan na hukuma ne, gini da gyara duka, kuma a faɗa mana ofis guda ɗaya da zamu tunkara in abu ya lalace, a daina cewa je ka can je ka can.

Sannan a sake duba rabon aikin bana. Bamu ce a ƙwace na wasu a bamu ba, suma ƴan uwa ne kuma suna da buƙata, amma a turo injiniya ya zo ya ga inda ruwa yake kwanciya da idonsa, a fara da inda ya fi muni. In kuɗin bazai kai a gina ta gaba ɗaya ba, mun san halin da ƙasa take ciki, to a gyara kwalbatin a kawo loda ta buɗe hanyar ruwan, mu kuma zamu fito da samarinmu da karo da abincin ma'aikata. A kuma ware wa motocin kwasar masai wuri nesa da gari, don yanzu wasunsu da dare suke juyewa a kwari bayan gidaje.

Lokaci ne yake ƙure mana, Gash yakan taso ne wajen watan Yuli, ruwa kuma in ya fara ba siminti da zai kama. Muna roƙo ka sa mana rana ka tafi da wakilanmu, har da na mata don su suka fi shan wahalar, zamu zo da rasit ɗin da hotunan layin na daminar bara da takardar sa hannun magidanta.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Daga talakawanka, mazauna ƙarshen unguwa, yammacin Gash.