Sanarwa kan ikon shugaban gasa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kan gardamar jiya game da iyakar ikon shugaban gasa a gasar ƙananan jiragen sama na wasa, waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa: a tsarin AMA, ƙungiyar masu wasa da irin waɗannan jirage ta Amurka, mai hedikwata a Muncie, jihar Indiyana, shugaban gasa ne wakilinta a fili. Idan ya ga fiffike ya tsage, ko batir ya kumbura, ko wani ya tsallake layin tsaro ya nufi ƴan kallo, yana da ikon hana jirgin tashi nan take, ko da na gwani ne. Wannan ikon ina goyon bayansa ƙwarai, domin farfela tana yanka yatsa. Amma ba shi da hurumin sassauta dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, kamar iyakar ƙafa 400 daga ƙasa. Mai ƙorafi ya sauke jirginsa tukuna, sannan ya kai kuka.