Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Walwala ga Membobin Ƙungiyar Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum iyayenmu, sarakunan makafi, na guragu da na kutare, shugabannin kurame da zabiya, da sauran 'yan'uwa maza da mata. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a bana.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne kan rakiyar membobi zuwa sashen jin daɗin jama'a na sakatariyar ƙaramar hukuma domin neman shiga tsarin alawus na wata-wata. Tsarin dai a nan Jigawa ya samo asali tun 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, inda aka fara da naira 7,000 a wata a ƙananan hukumomi 27 na jihar. Abin da membobi da yawa ba su gane ba shi ne gurbin ƙayyadadde ne. Cike fom bai sa mutum ya shiga, sai an tantance shi kuma an sami gurbi. Shi ya sa muka daina ce wa kowa ya sa rai a wata kaza, muka koma ga abin da ke hannunmu, wato takardu su cika tun kafin a kira tantancewa.

A nan ne kuwa matsalar take. Waɗanda aka mayar da takardunsu a bana, kusan dukkansu lalurarsu a bayyane take, babu mai musu a kanta. Suna ne ya kayar da su. Mutum a katin ɗan ƙasa Muhammad ne, a banki Mamman, a takardar asibiti kuma an rubuta laƙabin da unguwa ta san shi da shi. Mata abin ya fi shafa: NIN da sunan uba, BVN da sunan miji. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, sai kuɗi su ƙi shiga. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, sannan a je banki ko ofishin katin ɗan ƙasa, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da ɗaukar lokaci. Shawararmu ita ce a ɗauki abin da ke kan NIN a matsayin tushe, a daidaita sauran da shi harafi da harafi. A kuma ƙirga lambobi kafin a miƙa fom: NIN 11, BVN 11, lambar asusu 10. Mun ga fom da dama da lamba ɗaya ta faɗi wajen kwafa, musamman idan yaro ɗan jagora ne ya cike.

Kayan da muke sa kowa ya haɗa a leda ɗaya su ne takardar NIN, shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wasiƙar mai unguwa ko dagaci, takardar likitan asibitin gwamnati mai hatimi da ta bayyana irin lalurar, hotunan fasfo na kwanan nan, da lambar asusu mai sunan mai nema. A yi kwafi biyu na kowace, kada a bar ta asali a ofis. Asusun ɗa ko na maƙwabci ba ya yi, ko da an karɓa yau, rigimarsa tana gaba. Haka asusun da aka daɗe ba a taɓa ba, banki kan rufe shi har sai mai shi ya je da kansa. Layin waya ma ya zama naka, domin ta nan saƙon shigar kuɗi ke zuwa.

'Yan'uwanmu da kuturta ta cinye wa yatsu sun sha wahalar ɗaukar zanen yatsa. Mun riƙa raka su domin a rubuta dalili a ɗauki hoton fuska, maimakon a sallame su a ce su dawo. Kurame kuma mun samar musu da tafinta a ranakun tantancewa, domin rashinsa kan sa a rubuta amsar da ba su bayar ba.

Mun yi zaman wayar da kai kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Dokar ta ba mai nakasa damar a fara sauraronsa a layi, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu akwai ofisoshin da sai an ɗauki mai keke cak an haura da shi matattakala. Mun rubuta takardar ƙorafi a kan haka, muna kuma bin ta. Mun bayyana wa membobi cewa shaidar nakasa ta hukumar tarayya mai kula da masu nakasa da aka kafa a 2020 daban take da alawus na jiha, samun ɗaya bai nufin samun ɗayar. Rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa ma wata hanya ce daban, a unguwa ake zaƙulo sunaye, don haka kada a yi sake ranar da masu rajista suka zo.

Ranar 3 ga Disamba mun halarci taron ranar masu nakasa ta duniya kamar yadda muka saba.

Ƙorafi ya yi yawa kan masu yawo suna karɓar na goro da sunan za su sa mutum a lissafi. Kwamiti bai wakilta kowa ya karɓi ko sisi ba. Wanda aka nemi kuɗi a wurinsa ya sanar da sarkin ɓangarensa. Haka masu barin katin cirar kuɗi da lambar sirri a hannun mai POS, a je a karɓo, a canja lambar.

Aikin farko na baɗi shi ne bi gida-gida a ƙauyuka don duba takardun waɗanda ba sa iya fitowa, musamman mata da masu lalurar laka. Kowane ɓangare ya miƙa wa sakatare sunayen irin waɗannan membobi kafin taron wata mai zuwa.