Wasiƙa daga Jidda, kan kunnen yarinyar nan

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara? Mu nan Jidda sai zafi da gumi, amma Alhamdu lillahi.

Na ga hoton kunnen 'yar ƙanwarki, gabana kuwa ya faɗi, don irinsa sak ya fito wa Auta bayan ta ƙara huji na biyu. Ya fara kamar ƙwayar gero, kafin shekara biyu ya kai goro, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. Ko cikin mata ba ta yarda ta sauke mayafi. Keloid likitoci ke ce masa, tabo ne da ke ci gaba da tsiro bayan rauni ya warke, kuma mu baƙar fata ya fi kamawa.

Don girman Allah kada a kai ta wurin wanzami. Mu a asibiti ma aka yanke, ya dawo ya fi na da.

Karo na biyu likita ya ce za a sake yankewa, amma washegari a fara gashi. Ba gashin ƙashi ba, gashin haske irin wanda ake yi wa masu ciwon kansa. Wallahi sai da na yi kuka a gabansa, na zaci ɓoye mini wani abu suke. Ya zaunar da ni ya ce hasken yana dakatar da ƙwayoyin da ke saƙa tabon, shi ya sa ake yinsa cikin awa 24 zuwa 48 bayan aiki, tun ba su farfaɗo ba. Ya ce a Jamus har ciwon diddige ana gasawa, da kamar girey 3 gaba ɗaya (girey shi ne ma'aunin yawan hasken), alhali mai kansa kan sha wajen 60. Bai ɓoye mini ba cewa akwai ɗan haɗarin kansa nan gaba, ƙanƙani ne dai, kuma ba a yi wa mai ciki, yara ma ana kaffa-kaffa.

Sau uku muka je. Suka rufe gefen fuskarta da dalma, kunnen kawai a waje, ni ina bakin ƙofa da carbi. 'Yan mintuna ta fito tana cewa ba ta ji komai ba. Wurin ya yi duhu na watanni, amma yau shekara ɗaya da rabi kunnen lafau.

Ku tambayi likitan fata tun kafin a sa wuƙa, ko akwai inda za a yi gashin a kan lokaci. Shekarunta nawa yanzu? Ki gaya mini.

Ki gaida Inna da kyau, ina sa ta a addu'a duk na shiga Harami.

Taki har kullum.