Ashe mura ma tana zuwa da rakiya

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Kwanaki yarona ɗan wata biyar ya kama mura, zazzaɓi, tari, hanci na ta zuba, muka ce ai murar da aka saba ce, sai da dare na ga haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, nono ma ya ƙi kamawa. A asibiti aka sa masa ɗan tsinken auduga a hanci aka yi gwajin PCR mai gano ƙwayar cuta, wai bairos biyu ne a jikinsa lokaci guda, infuluwenza da RSV, wani bairos mai kama hanyoyin numfashi. Wallahi ni ban san ana haɗa biyu ba.

Ashe ba sabon abu ba ne musamman ga yara, don infuluwenza da RSV da korona da rainobairos (mai kawo murar da aka saba) duk hanya ɗaya suke bi, tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba, alamominsu kuma kusan iri ɗaya, ido ba ya rabe su. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke rugawa sayen antibayotik, alhali ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Shi kansa maganin oseltamivir infuluwenza kawai yake yaƙa, kuma ya fi aiki in an sha cikin awa 48 na farkon ciwon, RSV kuwa sai dai oksijin da kulawa.

Don Allah ku gayyato likitan yara ya mana bayani a shafinku na lafiya.

Naku,
Wani mai karatu