Abin da na gani a Japan

Edita, assalamu alaikum, a ɗan ba ni fili. Kwanan nan na dawo Birnin Kebbi daga Tokyo inda na yi zangon karatu ɗaya, wallahi har yanzu abin na raina. 'Yan firamare na gani da tsintsiya da tsumma suna goge ajinsu da kansu, ga titi fes alhali da ƙyar ka ga kwandon shara, kowa leda yake cusa sharar sa har gida. Ina roƙon shugabannin makarantunmu su duba wannan. Abinci kam na sha wuya, halal sai an nema, shinkafarsu mai danƙo da tsinke biyu ake ci, kullum ina kewar tuwon shinkafar gida da kifin Argungu.

Naku, wani ɗalibi, Birnin Kebbi.