Kada a sayar da akwatin Baba

Zuwa ga Umma, da Yaya, da ƙannena baki ɗaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Umma, yaya ƙafar taki? An ce mini kin daina zuwa wurin likita, wai ta yi sauƙi. Don Allah a koma, sauƙi ba warkewa ba ne.

Nan Jamus ba a ba da hutun Sallah, sai da na cire kwana ɗaya daga hutuna na shekara. Da na dawo ɗaki da hantsi na ɗauki waya, hannuna ya tafi kai tsaye kan lambar Baba, har ta fara ƙoƙarin shiga kafin na tuna. Kun san yadda yake amsa mini. Ba ya fara tambayar lafiyata, sai ya ce, "To, injinan naku suna tafiya?" In na ce suna tafiya, sannan ya tambayi sanyi, ya tambayi iyali. A da abin yana ba ni haushi. Yau da zan ji wannan tambayar sau ɗaya tak, da Sallar nan ta cika. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Yaya, kwanaki a waya ka ambata cewa wani ɗan gwangwan ya zo ya taya tsohon injin Lister ɗin nan da akwatin kayan aiki, ka ce ɗakin ya cika da tarkace kuma ana bukatar wurin. Ban ce komai ba, don layin yana yankewa kuma ba na son mu yi maganar cikin gaggawa. Gaskiyarka, wurin ya cika. Umma ta shekara arba'in tana fama da ƙarafan Baba a tsakar gida, ba wanda bai taɓa yin tuntuɓe da tsohon lagireto ba in ya fito da dare. Amma ku yi haƙuri ku karanta wannan zuwa ƙarshe kafin a yanke shawara.

Ƙannena, ku da kuka taso bayan ya yi ritaya, kun san shi ne a matsayin tsoho mai tsumma a kafaɗa. Ya shiga soja yana matashi, ana tsakiyar yaƙin basasa da aka fara a watan Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970. Tun yana kurtu aka lura hannunsa ya fi sabawa da sifana a kan bindiga, aka tura shi sashen kanikawa. Manyan motocin Bedford da Land Rover su ne makarantarsa. Daga baya ya je kudancin Lebanon cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1978, wannan hular mai launin shuɗi da Umma ta ajiye a ƙasan akwatinta daga can ta zo. Sannan ya je Laberiya da dakarun ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda suka sauka Monrovia a watan Agustan 1990. Ni ina iya tuna wannan tafiyar, ina iya tuna Umma da rediyo a kunne kullum da yamma. Ya fita da muƙamin saje, kuma bai taɓa nuna ya damu da rashin wuce nan ba.

Bai cika ba da labarin fagen daga ba. Abokansa 'yan mazan jiya in sun zo suna ta zuba, shi yana gefe yana wanke noti a cikin kwano. Sau ɗaya kawai ya ba ni labari, shi ma don na yi masa gardama ne. Wata rana ya kashe tocila ya ce in haɗa famfon mai a cikin duhu, na ce wannan ai wahalar da mutum ce kawai. Ya yi shiru, can ya ce wani dare a Laberiya motar da ta ɗauko waɗanda aka ji wa rauni ta mutu a hanya, iska ta shiga bututun mai. Ba halin kunna haske, don wanda ya kunna ya nuna wa masu harbi inda yake. Da laluɓe ya sassauta noti, yana danna famfon hannu har ya ji kumfa ta daina fita, mai zalla yana bin yatsunsa, ya ɗaure, mota ta tashi. Na tambaye shi ko duk sun kai. Ya ce, "Ba duka ba. Ɗauki sifanarka." Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Koyarwarsa ba ta da daɗi, kada mu ɓoye wannan don ya rasu. Ni aka ɗora wa riƙon tocila tun ina ɗan shekara takwas, kuma ban taɓa haska wurin da yake so ba. "Hannuna za ka haska ko fuskata?" Bai iya yabo ba. In ka yi daidai sai ya miƙo maka aiki na gaba, shi ke nan ladanka. Amma abin da ya zuba mini a kai bai zube ba. Kafin ya taɓa inji sai ya tsaya ya saurare shi, ya kafa bakin sukundireba a jikin ƙarfen, ya sa kunne a kan ƙotar, ya gaya maka daga ina ƙarar take fitowa. Sai ya zagaya bayan salansa ya duba hayaƙi. In baƙi ne, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a fara duba matatar iska. In shuɗi ne, injin yana shan baƙin mai, ringi ya cinye. In fari ne mai kauri kuma bai daina ba bayan inji ya yi zafi, a nemi inda ruwa yake shiga. Notunan kan silinda kuma ba a ɗaure su a jere, daga tsakiya ake farawa ana tsallakawa gefe da gefe, a zagaya sau biyu ko uku, in ba haka ba kan ya karkace. Kowane noti da ya kwance, a kan tsumma yake jera shi yadda ya fito. A masana'antar da nake aiki akwai kwamfutar da take faɗin ciwon inji, kuma tana da amfani ƙwarai. Duk da haka abokan aikina sun saba ganina na tsaya na karkata kai kafin in jona ta. Suna dariya, amma in ta rikice ni suke kira.

Watan jiya na je birnin Munich, na shiga babban gidan tarihin kimiyya da suke kira Deutsches Museum. A can aka ajiye injin da Rudolf Diesel ya kammala a 1897 a garin Augsburg, na farko da ya yi aiki yadda ake so. Dogo ne, silinda ɗaya, da ƙaton wili a gefe, kamar kakan Lister ɗinmu. Yana mayar da kimanin kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man zuwa aiki, abin da injinan tururi na lokacin ba su kusanta ba. Na tsaya ina karanta bayanin yadda yake aiki: ba fulogi, iska ake matsewa har ta yi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa. Sai na ji muryar Baba, "Dizal ba ya neman wuta, matsi yake so." Mutumin da bai wuce firamare ba ya faɗi a kalma takwas abin da suka cika allo da shi. Na so in ɗauki hoto in aika masa. Na ɗauka dai, yana nan a wayata.

Yaya, ka buɗe akwatin ka duba ƙarƙashin tiren sama, akwai littafi mai baƙin bango, mai ya jiƙa gefensa. Halin bariki ne ya bi shi, duk abin da ya gyara sai ya rubuta rana da abin da ya canza. Na leƙa shi zuwana na ƙarshe. Ka ga keken ɗinkin Umma a ciki sau nawa. Ka ga keken da ya haɗa mini daga gawar kekuna uku, da fankar ɗakin Gwaggo, da injin ban ruwan maƙwabta wanda ya rubuta "ba a biya ba, a bar shi" a gabansa. Shekarun da fansho ya yi ta makalewa, da wannan akwatin aka biya kuɗin makarantarmu mu shida. Yana fita bayan asuba, ya dawo farcensa baƙi ƙirin, ya zauna ya duba littattafanmu ko da bai gane rabin abin da ke ciki ba.

Ga abin da nake roƙo. Tarkacen da ya ruɓe, tsofaffin tayu da batir da gwangwanaye, a ba ɗan gwangwan, Umma ta samu wurinta. Amma akwatin da littafin da injin a bar su. Lister ɗin lafiyarsa ƙalau, irinsa juyi 650 kawai yake yi a minti ɗaya, shi ya sa ba ya saurin tsufa. A zuba masa baƙin mai, a riƙa wana shi da hannu sau ɗaya a wata don kada fistin ya kama, a rufe shi da tamfol. Kuɗin gyara masa rumfa a kaina.

Akwatin kuwa ina ganin a ba autanmu, in Umma ta amince. Shi ne Baba ya fi yi wa faɗa a ƙarshe, kuma mun san abin da wannan yake nufi a wurinsa. Auta, sifana mai lamba 13 ba ta ciki, kada ka wahala da nema. Ni na ɗauke ta ranar da zan taho, ban gaya wa kowa ba. Baba ya gane tun a makon, ya kira ni ya ce in na gama da ita in mayar inda na same ta. In Allah Ya kai mu hutun ƙarshen shekara zan zo da ita.

A gaida Kawu da Gwaggo, a gaida matar Yaya da yara, da abokan Baba in sun zo gaisuwa. Yaya, ka ɗauko mini hoton shafin ƙarshe na littafin nan ka turo, ina son in ga me ya gyara na ƙarshe.

Wassalam,
Ɗanku kuma ɗan'uwanku, daga Jamus.